Kundin zagaye na uku: rabon tallafin gidauniyar iyalinmu

Asabar, 6 ga Satumba

Yau kwamitin amintattu ya zauna, aka buɗe zagaye na uku. Hajiya ce shugaba, Yaya Babba ma'aji, ni sakatariya, sai Baffa da Auta. Akanta ya kawo lissafin shekara.

Sharaɗin da marigayi Baba ya bari a takardar kafa gidauniyar yana nan yadda yake: uwar kuɗi ta zauna a jari, abin da ta haifa shi ake bayarwa ga ƙungiyoyin da ke yi wa al'umma aiki ba don riba ba. Don kada rabon ya riƙa hawa da sauka tare da kasuwa, muna ɗaukar darajar dukiyar ta shekaru uku na baya, mu fitar da matsakaici, mu cire kashi 5 cikin 100. Daga Amurka muka aro ma'aunin. Can tun dokar haraji ta 1969 aka wajabta wa gidauniyoyi masu zaman kansu fitar da wani kaso duk shekara, kuma yanzu kason kashi 5 ne, don kada mai kuɗi ya samu rangwamen haraji sannan ya zauna a kan dukiyar.

A takarda kuɗin bana ya ɗan fi na bara, amma tsadar kaya ta cinye ƙarin har da ɗoriya. Saboda haka aka yanke cewa ƙungiyoyi 8 za a ba, maimakon 14 na bara, kowacce ta samu abin da zai yi mata wani abu. Kashi 90 nasu ne, kashi 10 na hidimarmu: akanta, odita, zirga-zirga, cajin banki.

Laraba, 10 ga Satumba

Na zauna da jerin waɗanda suka samu tallafi a zagaye biyu na baya. Kusan dukkansu suna da ofis da kwamfuta, da ma'aikacin da ba shi da wani aiki sai rubuta takardun neman kuɗi. Da yawansu aikinsu na gaske ne, ban ce a'a ba. Amma fom ɗin da ƙwararren da aka ɗauko ya tsara mana a shekarar farko shafi 11 ne, yana neman rahoton odita na shekaru biyu da wani jadawali mai gida-gida na auna nasara. Na karanta wa Hajiya tambayoyin ɗaya bayan ɗaya. Ta saurara har ƙarshe, sannan ta ce, "Mutanen da mahaifinku yake taimaka wa lokacin yana raye, ko ɗaya ba zai iya cika wannan ba."

Mun mayar da shi shafi 2, tambaya 6: su wane ne ku, me kuke yi, su wa ke amfana, nawa kuka kashe bara kuma daga ina ya fito, me za ku yi da kuɗin, wa zai ba da shaida a kanku. Wanda rubutu ke ba wahala ya aiko da saƙon murya ta WhatsApp. Takardun rajista da na banki sai a matakin ƙarshe, daga waɗanda suka tsallake kaɗai.

Yaya Babba ya ce ƙofa mai faɗi haka za ta shigo da 'yan damfara. Za ta shigo da su kam. Sai dai tantancewa aikinmu ne, mu ke da mota da lokaci. Doguwar takarda kuwa ba ta hana ɗan damfara, shi ya fi kowa iya cika ta.

Litinin, 15 ga Satumba

Sanarwa ta fita. Za a rufe karɓa ranar 3 ga Oktoba.

Juma'a, 3 ga Oktoba

An rufe da takardu 212, wajen ninki uku na bara. Cikinsu 58 saƙon murya ne, wasu sun haura minti ashirin domin sanarwar ba ta sa iyaka ba. Auta ya ɗauki nauyin sauraro da taƙaitawa a rubuce.

Farin cikina bai daɗe ba da na yi lissafi. Lokacin da attajirar nan mai rabon tallafi, MacKenzie Scott, ta buɗe ƙofa ga ƙananan ƙungiyoyin Amurka a 2023, takardu 6,353 suka shigo, a watan Maris na 2024 aka raba wa 361 dala miliyan 640. Kusan ɗaya cikin 18 ke nan. Namu bai kai ɗaya cikin 26 ba. Ƙungiyoyi 204 za su tashi hannu rabbana, kuma kowacce ta ajiye aikinta ta zauna ta amsa mana tambayoyi. In awa uku-uku suka kashe, sama da awa 600 muka karɓa daga mutanen da muke cewa mun zo taimakawa. Da tsohon fom ne da kwanaki za a ƙirga. Baɗi dole sanarwar ta faɗi ƙarara guda nawa za mu ɗauka da irin aikin da ba mu tallafawa, mutum ya auna kafin ya ɓata lokacinsa.

Talata, 7 ga Oktoba

Karatu. Kowace takarda mutum biyu ke dubawa, kowa ya ba da makinsa ba tare da ya ga na ɗan'uwansa ba. Inda makin ya yi nisa da juna, na uku ya shigo.

Asabar, 11 ga Oktoba

Mun sauko zuwa 24.

Ana cikin karatu Yaya Babba ya lura da takardu 7 masu kama da juna. Sunayen ƙungiyoyin daban, amma jimlolin iri ɗaya, kasafin iri ɗaya, har kuskuren tarawa a layi na huɗu iri ɗaya. Ya ce a watsar da su gaba ɗaya. Na roƙi a ba ni dama in kira su tukuna.

Uku ba a same su ba: lamba a kashe, ko wanda ya ɗauka bai taɓa jin sunan ƙungiyar ba. Huɗun kuwa na gaske ne. Shugaban ɗaya, mai kula da yara masu larurar ji, ya gaya mini ba ɓoye-ɓoye cewa wani ne ya zo ya ce ya san mutanen gidauniyar, zai rubuta musu takarda, in kuɗi ya fito a ba shi kashi ɗaya cikin biyar. Ya ce, "Hajiya, mu ba mu san yadda ake yi ba, kullum muka rubuta da kanmu shiru muke ji." Na ce masa ba mu san mutumin ba, kuma ya aiko mini da saƙon murya da bakinsa. Abin da ya aiko ya fi takardar dillalin nesa ba kusa ba: sunayen malamansa, yadda suke koya wa iyaye maganar hannu ran Asabar, yaran da suka daina zuwa da dalilin kowanne. Biyu daga cikin huɗun sun shiga 24 ɗin.

Mun fitar da ƙarin sanarwa cewa gidauniyar ba ta da wakili, ba a biyan kowa komai.

Asabar, 18 ga Oktoba

Zama mai nauyi. Cikin 24 akwai ƙungiyar da surukin Baffa yake mataimakin shugaba. Aikinsu na gyaran rijiyoyin burtsatse da suka lalace ne, kuma makinsu mai kyau ne. Dukkanmu mun sa hannu tun shekarar farko cewa wanda yake da dangantaka da mai nema zai bayyana, ya fita a lokacin tattaunawa, ba ya jefa ƙuri'a. Sa hannu a takarda daban, tashi ka bar ɗaki a gaban 'ya'yan ɗan'uwanka daban.

Baffa ya dube ni ya ce, "'Yar nan, yanzu don mutum ya auri 'yata sai aikinsa ya zama abin zargi?" Na ce, "A'a Baffa, ba shi ake zargi ba. In sun ci kana zaune, mutum 204 za su ce gidanmu muka raba wa, kuma ba mu da amsar da za mu ba su." Yaya Babba ya kawo misalin dokar nan ta 1969, wadda ta hana ciniki tsakanin gidauniya da masu ita ko danginsu na kusa ko da gidauniyar ce za ta ci riba a cinikin, domin ba a son a buɗe ƙofar ma balle a tsaya auna niyya. Hajiya ce ta rufe maganar, ta ce dokar ta kare sunan Baffa ne kafin na kowa. Ya yi shiru, sannan ya ce a kira shi in an gama. Mun ba wani daga waje takardar ya sake dubawa ba tare da ya san komai ba.

An zaɓi 12 da za a kai wa ziyara. Ta surukin tana ciki.

Alhamis, 23 ga Oktoba

Ziyarar yau ita nake so in rubuta da kyau, don in karanta wa kwamiti.

Ƙungiya ce ta koyar da manyan mata karatu da lissafi. Shugabar tsohuwar malamar firamare ce da ta yi ritaya. Ɗaki ɗaya suke haya, benci huɗu, allo a jingine da bango. Da na tambayi lissafin kuɗi sai ta ɗauko littafin rubutu irin na 'yan makaranta, bangonsa ya yi laushi don yawan buɗewa. Kowane shafi ta ja layi da biro a tsakiya, hagu shiga, dama fita, rasit kuwa an soke su da allura a saman shafin. Na zaɓi wata uku haka kawai na tara, bai kuskure ba ko da ɗigo.

Kasafin da suka aiko mana kuwa littattafai ne da alli da fensir, shi ke nan. Ba haya, ba alawus ɗin malamai, ba kuɗin mota. Na ce, "Mama, ina kuɗin hayar ɗakin nan?" Ta ɗan yi murmushi ta ce, "'Yata, an gaya mana masu bayarwa ba su son ganin albashi da haya. In ka sa, sai su ce kai za ka ci." Hayar daga fanshonta take fita. Malamai uku sun tafi bara domin ba za su iya ci gaba da zuwa kyauta ba, ajin yamma ya rufe. A kwali a lungu ga littattafan da wani mai taimako ya saya musu, sababbi fil, ba wanda zai koyar da su.

Abin nan an daɗe da sanin sa. A 2009 wasu masu bincike biyu na cibiyar Bridgespan suka bayyana shi a wata mujallar jami'ar Stanford: mai bayarwa yana tsammanin kuɗin gudanarwa ya zama kaɗan ƙwarai, ƙungiya ta matse kanta ta kuma rage adadin a rahotonta don ta samu shiga, mai bayarwa ya ga rahoton ya ƙara gaskata tsammaninsa, a sake matsewa. Na karanta wannan tun tuni, amma gani ya kori ji. Matar da ta fi kowa riƙon amana a cikin 212 ta ɓoye mana ainihin buƙatarta saboda tsoron mu.

Na roƙe ta ta sake kasafin, ta sa duk abin da aikin yake ci da gaske.

Asabar, 25 ga Oktoba

Na kira sauran 11 na faɗa musu haka. Bakwai sun ce su ma sun cire albashi da haya da gangan.

Talata, 28 ga Oktoba

Ziyara ta ƙarshe ba ta yi daɗi ba. Ofis mai kyau, hotuna a bango, rahoto mai launi. Sun ce suna ba matasa 300 horon sana'a. Mun nemi jerin sunaye, suka bayar nan take. Da muka fito Auta ya kira goma daga ciki. Biyu sun ce taron yini ɗaya suka halarta aka ɗauki hoto, shida ba su san zancen ba, biyu ba su ɗauka ba. Mun koma wa shugaban da tambaya, ya ce jerin na wani shiri ne daban, zai aiko da na daidai. An cire su. Makinsu a takarda shi ne na biyu a cikin 212.

Kuɗin ziyara ya wuce abin da aka ware da kusan rabi, domin biyar daga cikin 12 suna nesa da hanya.

Asabar, 1 ga Nuwamba

Zaman yanke hukunci. Zaɓen takwas ɗin bai ɗauki lokaci ba. Ta surukin Baffa ta shiga a ta shida, yana waje. Gardamar a kan sharuɗɗa ce.

Na kawo shawarar a ba su kuɗin ba ƙaidi, su kashe inda aikin ya fi buƙata. Baffa ya ce sam, kuɗin gajiyayyu ne, ba na albashin masu ƙungiya ba. Yaya Babba ya ce a bar kuɗin gudanarwar ƙungiyoyin a kashi 10 na tallafin kamar da. Na ce manyan gidauniyoyi ma sun bar wannan ma'auni: Ford ta ɗaga nata zuwa kashi 20 a 2016, ta ƙara zuwa 25 a 2023, MacArthur kuwa ta sa 29 tun 2020 bayan ta sa an binciki abin da ƙungiyoyi masu ƙoshin lafiya suke kashewa da gaske. Baffa ya ce waɗannan masu biliyoyi ne, hanyarsu daban.

Sai na karanta abin da na rubuta ran 23 ga wata. Hajiya ta ce, "Wannan ai ka ba mutum doki ne ka ce ba ruwanka da harawa."

Baffa ya daɗe bai yi magana ba. Da ya buɗe baki, shi da kansa ya kawo abin da ni ban tuna ba. Ya ce da Sayyidina Umar ya samu fili a Khaibar ya nemi shawarar Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, aka ce masa in ya so ya riƙe asalin ya yi sadaka da amfanin. A sharuɗɗan wakafin akwai cewa ba a sayarwa, ba a kyautarwa, ba a gado, kuma babu laifi mai kula da shi ya ci daga ciki gwargwadon abin da aka sani, ba tara dukiya ba. Ya ƙara da cewa ko zakka, cikin mutum takwas da aka lissafa a aya ta 60 ta Suratut Tauba akwai masu aikin tattara ta. "To na yarda mai aiki ya ci," in ji shi, "amma gwargwado. Ina so in ga nawa ake biyan kowa." Wannan sharaɗi ne na adalci, ban yi jayayya ba.

Abin da aka tsayar: ƙungiyoyi 5 za su karɓa ba ƙaidi, na shekara biyu, su nuna mana jerin albashi da cikakken lissafin shekara. Sauran 3, waɗanda lissafinsu bai kai ga tsari ba tukuna, tallafin aiki ne na shekara ɗaya, kuɗin gudanarwa har kashi 25. Na so a ce duka takwas ne, domin a ganina ukun nan su suka fi buƙatar sarari. Amma alkawarin shekara biyu ga biyar ya riga ya ɗaure fiye da rabin kuɗin baɗi, kuma Yaya Babba yana da hujja da ya ce kada mu yi alkawarin da kasuwa za ta iya karya mana.

Laraba, 5 ga Nuwamba

Yarjejeniya shafi ɗaya. Biya kashi biyu, rabi yanzu, rabi bayan wata shida. Rahoto: hira ta waya a tsakiyar shekara, shafi 2 a ƙarshe. Wanda ya riga ya rubuta wa wani mai tallafi rahoto ya aiko mana da shi, ya wadatar.

Alhamis, 13 ga Nuwamba

Biyar sun samu kuɗinsu. Uku sun maƙale a banki, kowacce da matsalarta.

Ta farko kuɗin ya dawo, domin sunan da ke takardar rajista ya bambanta da na asusun da kalma ɗaya. An cire mana caji zuwa da dawowa. Wasiƙa daga bankinsu ta warware shi.

Ta biyu ita ce ta Mama. Asusun ya yi barci, domin ɗaya daga cikin masu sa hannu biyu ta rasu shekara biyu da suka wuce, ba a maye gurbinta ba, kuɗi kuwa bai shiga ba balle a lura. Banki yana neman takardar shaidar rasuwa, da bayanin taron da aka zaɓi sabuwa, da katin shaidarta. Ba abin da ya fi ƙarfinsu, amma kowace takarda tafiya ce da kuɗin mota. Akantanmu zai raka su, mu za mu biya.

Ta uku, ta yara masu larurar ji, ba su da asusu ma, rajistarsu ba ta kammala ba. Shugaban ya ce a tura ta nasa. Na yarda da mutumin nan, amma ba mu tura wa asusun mutum ɗaya, don kare shi ma: ranar da wani ya tambaya, ba shi da yadda zai raba nasa da na ƙungiya. Mafita ita ce wata babbar ƙungiya mai rajista da ke kusa da su ta riƙe musu kuɗin, ta riƙa fitarwa bisa buƙatarsu, ta ɗauki kashi 5 ladan hidima. Kashi 5 ɗin daga wurinmu zai fito, ba daga tallafinsu ba. Lauya yana rubuta yarjejeniyar mutum uku.

Talata, 18 ga Nuwamba

Saƙon ban haƙuri ya tafi ga 204, kowanne da dalili ɗaya na gaskiya, ba jimlar nan ta kowa da kowa ba. Goma sha shida da suka kai matakin 24 na kira su da baki. Wani dattijo ya yi fushi sosai, ya ce ya tara mutanensa sun jira mu yini guda. Gaskiyarsa ne. Hajiya ta amince a biya ukun da aka ziyarta ba su samu ba, ban da wadda aka cire, kuɗin ɗawainiyar ranar.

Litinin, 24 ga Nuwamba

Asusun Mama ya farka, kuɗi ya shiga. Ta kira ta ce malamai biyu cikin ukun za su dawo, ajin yamma zai buɗe wata mai zuwa.

Asabar, 29 ga Nuwamba

Lissafin zagayen: hidimarmu ta ci kashi 12 da rabi maimakon 10. Ziyara ce ta ɗauki mafi yawan ƙarin, sai lauya, da ladan ƙungiyar da ke riƙon kuɗi, da cajin banki. An cike daga ɗan abin da ya rage a asusun hidima na bara, ba a taɓa kason kowa ba. Yaya Babba ya rubuta kashi 13 a kasafin baɗi.

Abin da ke gabanmu: sanarwar baɗi ta faɗi adadin da za a ɗauka, saƙon murya kada ya wuce minti biyar, kuma fom ya ce a fili a sa albashi da haya. A tambayi halin asusun banki tun ranar ziyara. A gayyato mutum biyu daga ƙungiyoyin da muka taɓa tallafa wa su shiga karatun takardu, a biya su.

Auta ya nemi a sa wata magana a zaman Janairu: me ya sa uwar kuɗin za ta zauna har abada alhali mun mayar da mutum 204? Ya kawo misalin attajiran Amurka biyu: Julius Rosenwald, wanda ya yi umarni a kashe asusunsa duka har ya rufe a 1948, da Chuck Feeney, wanda gidauniyarsa ta raba sama da dala biliyan 8 ta rufe a 2020. Baffa ya ce sharaɗin mai wakafi ba a taɓa shi. Za a nemi lauya da malami su duba takardar Baba kafin zaman, a ga ko akwai sararin ɗaga kason daga 5 zuwa 6.

Ran Litinin za a sa hannu a yarjejeniyar mutum uku. In ta kammala, kuɗin ta takwas zai fita a makon.